Ƙofofin Gishiri a Cikin Ƙwayar Halitta: Ƙirarsu da Aikinsu



Na san akwai waɗanda suka ga sanarwar wannan lacca suka ce, shi kuwa malamin Hausa me ya kai shi gonar masana kimiyya? Tambayar tana bisa hanya. Amsata ita ce, tun lokacin da Abubakar Imam, wanda ya yi karatu a Kwalejin Katsina, suka rubuta littafin Ikon Allah shi da Dokta East, aka tabbatar cewa Hausa tana iya ɗaukar bayanin halitta. Abin da ya rage mana shi ne mu gwada ta a wuraren da ba a saba kai ta ba. Na zaɓi wannan batu ne kuwa saboda ya taɓa mu a jika. A shekarar 2021 annobar kwalara ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,500, Jihar Katsina kuwa tana cikin jihohin da abin ya fi tsananta. Duk wanda ya yi jinya a lokacin ya ga yadda ƙaƙƙarfan mutum yake zubewa cikin yini ɗaya, ido ya faɗa, fata ta yamushe, murya ta dushe. Ina wannan ruwa duka yake fitowa, me kuma ya buɗe masa hanya? Amsar tana ga wata 'yar ƙofa wadda ido ba ya gani, ita da danginta nake so mu duba yau.

Mu fara da gishiri. Gishirin da ayarin Azbinawa suka daɗe suna kawo mana daga Bilma, kantu-kantu a bayan raƙuma, da wanda muke saye a leda yanzu, asalinsu ɗaya ne, watau haɗin abu biyu, sodiyam da kuloraid. Da zarar gishiri ya narke a ruwa sai su rabu, kowanne ya kama gabansa ɗauke da cajin lantarki. Ku tuna da batirin tocila, kai ɗaya da alamar tarawa, ɗaya da alamar ɗebewa. Sodiyam yana ɗauke da caji irin na tarawa, kuloraid yana ɗauke da irin na ɗebewa, don haka kullum suna jan juna. Irin wannan ƙwayar zarra mai caji ita masana suke kira ayon. Kanwa ma tana da sodiyam, amma abokin tafiyarsa a cikinta daban ne, saboda haka ba ta cikin zancenmu.

Jikin baligi kuwa an gina shi da ƙwayoyin halitta kimanin tiriliyan 30, kowace ƙwaya tana lulluɓe da tantani na maiƙo. Siririnsa ya wuce misali: a raba milimita ɗaya kashi miliyan, a ɗauki kashi biyar, kaurinsa ke nan. Duk da haka ayon ba ya iya ratsa shi. Wanda yake shakka ya zuba gishiri a cikin man gyaɗa ya dama, zai ga ya kwanta a ƙasa bai narke ba. To, tantanin nan shi ne ganuwar ƙwayar halitta. Mu Katsinawa ba ma bukatar dogon bayani a kan ganuwa. Mun san cewa a da, mai shiga birni sai ya bi ta Ƙofar Guga, ko Ƙofar Sauri, ko Ƙofar Ƙaura, ko wata daga cikin sauran, kuma kowace ƙofa tana da sarkinta mai buɗewa da rufewa. Haka abin yake a nan, sai dai bambanci ɗaya babba. Ƙofar gari in an buɗe ta, mutum da jaki da raƙumi duk su wuce. Ƙofar ƙwayar halitta tana da zaɓe: ta sodiyam daban, ta fotasiyam daban, ta kuloraid daban.

Da me aka ƙera waɗannan ƙofofi? Da furotin. Furotin sarƙa ce ta wasu ƙananan sinadarai iri 20 da ake kira amino asid. A matsayina na malamin harshe na fi ganin su kamar haruffa: baƙaƙe ƙalilan ne, amma jerinsu shi yake ba da kalmomi marasa iyaka, kuma canja harafi ɗaya yana iya sauya ma'ana, kamar yadda ƙari ya bambanta da bari. Jerin yana rubuce a cikin ƙwayoyin gado da muka karɓa daga iyaye. Bayan an ƙera sarƙar sai ta nannaɗe kanta, wasu sassanta su murɗe kamar igiya su ratsa tantani daga wannan gefe zuwa wancan, su bar rami a tsakaninsu. Ramin yana da faɗi a baki biyu, ya tsuke a tsakiya kamar kalangu. A wurin tsukewar nan ake yin zaɓen. Bangon wurin yana da ɗan caji irin na tarawa, sai ya jawo kuloraid, ya kori sodiyam. Miliyoyin ayon suna iya wucewa ta ƙofa ɗaya cikin daƙiƙa guda, kuma ƙofar ba ta tura kowa. Gangara kawai ake bi, daga inda abu ya yi yawa zuwa inda ya yi ƙaranci, gwargwadon yadda cajin ɓangarorin biyu ya yarda.

Ƙofar da kwalara take ɓallewa

A jikin ƙwayoyin da suka shimfiɗe cikin hanji akwai wata ƙofar kuloraid da ake kira CFTR, sarƙa ce mai amino asid 1,480. Aikinta na yau da kullum shi ne ta saki kuloraid kaɗan zuwa cikin hanji. Sodiyam ya bi shi saboda jan caji, ruwa kuma ya bi gishiri, kamar yadda yankakkiyar albasa take tsattsafo da ruwa in an barbaɗa mata gishiri. Da haka abinci yake samun laimar da zai narke ya wuce. A kowace rana ruwa wajen lita takwas ko tara ne yake bi ta hanjin mutum, wanda ya sha da wanda jiki ya zuba, kuma hanji yana mayar da kusan dukkansa cikin jini.

Ƙwayar cutar kwalara ba ta cin naman hanji, ba ta kuma shiga jini. Dafi take fitarwa, wanda wani likita ɗan Indiya, Sambhu Nath De, ya tabbatar da samuwarsa a Kalkata a 1959. Dafin yana shiga cikin ƙwayar hanji, ya lalata wani makunni da yake aika wa CFTR saƙon buɗewa, ya bar shi a kunne. Sai ƙofa ta wangame ba rufewa. Kuloraid ya yi ta kwarara, sodiyam ya bi, ruwa ya bi, har mai tsananin ciwo yakan zubar da kusan lita ɗaya cikin awa guda. Gudawar nan mai kama da ruwan wankin shinkafa ruwan jinin mutum ne yake tsiyayewa. In ba a yi magani ba, ciwon mai tsanani yana iya kashe rabin waɗanda ya kama. In an mayar da ruwan a kan lokaci, mutuwar ba ta kai ɗaya cikin ɗari ba.

Yadda ake mayar da ruwan shi ma labarin ƙofa ne. A 1960 wani masani ɗan Amurka, Robert Crane, ya bayyana cewa hanji yana da wata mashiga dabam wadda take shigar da sodiyam tare da sukari, ba ta karɓar ɗaya sai da ɗaya. Dafin kwalara bai taɓa wannan mashiga ba. Saboda haka in aka ba majinyaci ruwa mai gishiri da sukari daidai gwargwado, sodiyam zai shiga ta nan, kuloraid da ruwa su bi shi, ko da waccan ƙofar tana nan a wangame. A 1971, lokacin yaƙin Bangaladash, Dokta Dilip Mahalanabis ya gwada wannan a sansanin 'yan gudun hijira na Bangawon, inda ruwan ƙarin jijiya ya ƙare, mutuwa ta sauko daga wajen kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 4. A wannan shekarar ce kuma kwalara ta yi mummunar ɓarna a Nijeriya, bayan shigowarta Afirka ta Yamma a 1970. Daga baya Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, ya dage wajen yaɗa ruwan gishiri da sukari a ƙasar nan. Mafi kyau shi ne ƙunshin da ake samu a asibiti da kemis. In babu shi, awon gida shi ne lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ina roƙon ma'aikatan da suke nan, musamman masu hulɗa da karkara, su riƙe dalilin awon. Wanda ya cika sukari don yaro ya ji daɗin sha, sukarin da ya yi saura a hanji zai jawo ruwa waje, gudawa ta ƙaru. Wannan ruwa kuma ba ya tsayar da gudawa, rama abin da ya zube yake yi, don haka uwa kada ta daina bayarwa don ta ga ba ta tsaya ba. Wanda ya galabaita har ba ya iya sha, sai asibiti.

A ƙasashen Turai wannan ƙofa da kishiyar matsalar aka san ta. Akwai ciwon gado a can wanda CFTR ba ta buɗewa yadda ya kamata, sai majinar huhu ta kafe ta toshe hanyar numfashi, zufar yaro kuma ta yi gishiri ƙwarai. Neman sanadin wannan ciwo ne ya kai ga gano ƙwayar gadon CFTR a 1989, a Toronto ta Kanada da Mishigan ta Amurka.

Ƙofofin cikin gida

Duk abin da na faɗa zuwa yanzu a kan ganuwar waje ne. Amma ƙwayar halitta ba fili ba ce fetal. Birni ne mai gidaje, kowane gida da katangarsa ta maiƙo, da zaurensa. Akwai inda ake ajiye kundin gado, akwai inda ake ƙera furotin, akwai inda ake samar da ƙarfi. Akwai kuma wasu 'yan jakunkuna da ake tara tarkace a cikinsu a narkar da shi, waɗanda Christian de Duve na ƙasar Beljiyam ya gano a 1955, ya sa musu suna laisosom. Ni na fi son in kira su jakar narkarwa. In kuna son misali, ku ɗauki majema: ba a jeme fata a tsakar gida, sai a keɓe rami a zuba abin da zai ci gashi da nama. Jakar narkarwa cike take da tsami, domin sinadaran da suke narkar da tarkacen ba sa aiki sai a cikin tsami, kuma katangarta ita take hana tsamin ya ci sauran birnin.

Tsami a wajen masana yana nufin yawan ayon ɗin haidirojin. A jikin jakar akwai famfo da yake tura haidirojin ciki da ƙarfi. To, ga matsala: haidirojin cajinsa na tarawa ne, kuma caji iri ɗaya korar juna suke yi. Bayan an tura kaɗan, na ciki sai su fara tokare na waje, famfo ya cije. Dole a shigar da wani abu mai cajin ɗebewa ya kashe wannan tokara. Nan kuloraid yake shigowa, nan kuma ake bukatar ƙofofinsa na cikin gida.

Hanyar da aka bi aka san su tana da ban sha'awa, don ta kan kifi aka bi. Masuntanmu sun san minjirya, kifin nan mai jan mutum kamar wayar lantarki. A teku akwai wani kifi mai faɗi da yake yin haka, gaɓar lantarkinsa kuwa cike take da ƙofofin kuloraid. Christopher Miller na Amurka ya auna wutar da take bi ta ƙofa guda tak daga wannan kifi, a 1982 ya ce alamu sun nuna bakinta biyu ne, kamar bindiga mai baki biyu. A 1990 Thomas Jentsch, a Hambug ta Jamus, ya karanto jerin haruffanta, daga nan aka gane cewa babban dangi ne, aka sa masa suna CLC. Mutum yana da guda tara. A 2002 ɗakin binciken Roderick MacKinnon a Niyok ya fito da surar ɗaya daga cikin dangin, ta jikin bakteriya, sai ga shi furotin biyu ne manne da juna, kowanne da raminsa, kamar yadda Miller ya faɗa shekara 20 kafin nan. An kuma ga sarkin ƙofar ido da ido. Amino asid ne guda ɗaya, gulutamet, mai cajin ɗebewa irin na kuloraid, yana zaune a cikin ramin a daidai gurbin da kuloraid zai zauna. Sai ya kauce hanya take buɗewa.

Huɗu daga cikin taran suna ganuwar waje. Ɗaya tana cikin tsoka, tana taimaka mata ta saki bayan ta ɗaure. Akwai wasu awaki a Tenesi ta Amurka da suka gaji lahani a wannan ƙofa, in an firgita su sai ƙafafunsu su sandare su faɗi, bayan 'yan daƙiƙoƙi su tashi. Mutane ma suna gadon irinsa. Sauran biyar ɗin, daga CLC-3 zuwa CLC-7, su ne na cikin gida.

A 2004 Miller da abokin aikinsa Alessio Accardi suka gano abin da ya girgiza fannin. Furotin ɗin nan na bakteriya da kowa ya ɗauka ƙofa ce, ashe ɗan musaya ne: kuloraid biyu su wuce ta nan, haidirojin ɗaya ya wuce ta can, ba ya ba da ɗaya sai ya karɓi ɗaya, kamar cinikin furfure da ake ba da hatsi a karɓi nono. Ba da jimawa ba aka tabbatar na cikin gidan mutum ma haka suke. A nan hankali yakan tsaya, domin me zai sa a yi wahalar tura haidirojin cikin jaka, sa'an nan a bar wani ya fita? Lissafin caji ya ba da rabin amsa: na ɗebewa biyu sun shiga, na tarawa ɗaya ya fita, an rage tokara da uku ke nan a farashin haidirojin ɗaya. Sauran rabin ya fito a 2010, sa'ad da mutanen Jentsch suka canja harafin gulutamet ɗin nan a jikin ɓeraye, suka mai da ɗan musaya ƙofa zalla. Jakunkunan suka ci gaba da yin tsami, amma ɓerayen suka kamu da ciwo. Watau musayar tana amfani da ƙarfin haidirojin ne ta cusa kuloraid a jaka fiye da yadda gangara kaɗai za ta kai shi, kuma jakar tana bukatar kuloraid ɗin don kansa.

Me yake faruwa in waɗannan sun lalace? Ƙoda tana tace ruwa wajen lita 180 a rana, ƙananan furotin masu amfani suna zubewa tare da shi, sai ƙwayoyin bututun ƙoda su haɗiye su cikin 'yan jakunkuna su mayar wa jiki. CLC-5 tana jikin waɗannan jakunkuna. Wanda ya gaji lahaninta, furotin yana fita a fitsarinsa, tsakuwa ta taru a ƙoda, a ƙarshe ƙodar tana iya gazawa. Ana kiransa ciwon Dent, da sunan likitan Landan da ya bayyana shi a 1964, kuma maza ya fi kamawa domin ta wajen uwa ake gadonsa. CLC-7 kuwa tana jakar narkarwa da kuma jikin ƙwayoyin da suke rushe tsohon ƙashi don a gina sabo. Waɗannan ƙwayoyi sukan manne da ƙashi su zuba masa tsami, haidirojin da kuloraid tare. In ba CLC-7, rusau ya tsaya, gini ya ci gaba, sai ƙashi ya cushe kamar dutse amma ga saurin karyewa, gurbin ɓargo ya toshe, jini ya yi ƙaranci, ramin da jijiyar ido take bi ya matse har yaro ya makance. An danganta wani kaso na wannan ciwo da CLC-7 a 2001. Ciwo ne da ba a cika samu ba, amma nau'insa mai tsanani sai yaro ya gaji lahanin daga uwa da uba duka, don haka ya fi bayyana inda auren zumunci ya yawaita, kamar dai yadda sikila take bukatar gado daga ɓangare biyu.

Makiyayanmu ma suna hulɗa da ƙofar kuloraid ba tare da sun sani ba. Maganin tsutsar nan aibamektin da ake yi wa shanu allurarsa, aikinsa shi ne ya buɗe wata ƙofar kuloraid da take jikin jijiyoyin tsutsa ya hana ta rufewa, tsutsa ta shanye. Mu da dabbobinmu ba mu da irin wannan ƙofa. Shi ne kuma maganin da ake rabawa kyauta tun 1987 don yaƙar makantar da ƙudan bakin rafi yake yaɗawa, cutar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a Janairun 2025 cewa maƙwabciyarmu Nijar ta kawar, ta farko a Afirka.

Dangin da sunansu ya riga hujja

Na bar wani dangi sai ƙarshe, domin su suka fi jan hankalina a matsayin mai nazarin kalmomi. Ana kiran su CLIC, gajarcewar jimlar Ingilishi mai ma'anar ƙofar kuloraid ta cikin ƙwayar halitta. Mutum yana da guda shida. Na farkonsu an ciro shi ne daga ƙodar saniya wajen ƙarshen shekarun 1980, a ɗakin binciken Qais Al-Awqati, likita ɗan Iraƙi a Jami'ar Kolambiya. An ga cewa in aka zuba shi a tantanin gwaji, kuloraid yana wucewa, sai aka raɗa masa suna.

Sa'ad da masana a Sidni ta Ostareliya suka fito da surar CLIC1 a 2001, sai aka ga abin mamaki. Ƙaramin furotin ne, amino asid 241, dunƙulalle, yana yawo a narke cikin ruwan ƙwayar halitta, ba shi da rami, kuma kamanninsa na wasu sinadaran da suke kawar da guba ne. Ƙofa kuwa a jikin bango aka san ta. Bayanin da masu goyon bayan sunan suka kawo shi ne, furotin ne mai rikiɗa: in yanayin cikin ƙwayar ya sauya, misali tsami ya ƙaru, sai ya warware wani sashe nasa, ya kutsa cikin tantani, ya haɗu da 'yan'uwansa su yi rami. An ga sauyin surar a gwaji a 2004. Amma surar ramin kansa a cikin tantani, irin wadda aka samu ta CLC da ta CFTR, ita ce hujjar da masu shakka suke nema, kuma ramin da ake aunawa a gwaji ba shi da tsananin zaɓe irin na ƙofar kuloraid ta sosai. Cewa suna da muhimmanci, wannan ba gardama. Ɓeran da ya rasa CLIC5 yana kurumcewa, ana kuma samun CLIC1 da yawa a wasu nau'o'in ciwon daji, ciki har da na ƙwaƙwalwa. Gardamar tana kan ko aikin ƙofa ne suke yi a waɗannan wurare, ko wani aiki dabam da ya shafi ƙirar tantani.

Ra'ayina, kuma ra'ayin malamin harshe ne, an yi gaggawar raɗin sunan. Da zarar an ce ƙofa, duk ɗalibin da ya zo daga baya ƙofa zai shiga nema, ya kau da kai daga abin da bai dace da sunan ba. Dalili ke nan da ya sa a cikin kalmomin da na gabatar muku yau na ce wa CFTR ƙofa, na ce wa CLC-5 da CLC-7 'yan musaya, amma CLIC na bar su da haruffansu huɗu ban fassara ba. Ina ba kwamitin da zai tsara kalmomin kimiyya na makarantunmu shawara ya yi haka shi ma, har sai masu ɗakin bincike sun nuna mana ramin.